Wayar Tagulla a Gwiwar Kawu Sale

Zuwa ga Yayana Haruna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ta kamata ƙanwa ta yi wa wanta, ina fatan Allah ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka.

An kwashe ɗakin aikinka ranar Talata. Kawu Sale ne ya ba da umarni. 'Yan mutum-mutumin da ka sassaƙa an zuba su a bokitin ruwan magarya, an yi musu karatu, an farfasa su da guduma, an kai bola. Ƙaramar unguwar da ka gina a kan katako, wato layinmu na Tandabawi, an ɗora ta a bayan motar Malam Idi mai ɗaukar kaya, an ce ya je ya jefar. Maganar da ke yawo yanzu a gidajen Hausawan Makka, daga Shisha har Aziziyya, ita ce kai mai sihiri ne, kuma kawunka na jini ka fara yi wa.

Da a ɗaki aka faɗi maganar, da a ɗaki zan amsa ta. A majalisa aka faɗa, a waya aka yaɗa, don haka na rubuta maka inda kowa zai gani.

Ka san a aikin jarida an koya mini in raba abin da na gani da abin da aka gaya mini. Ba na nan ranar Talata. Matarka Zainab ce ta ba ni labari, tana takaba, tana bayan ƙofa komai ya faru a kunnenta. Abin da na gani da idona kuwa shi ne ɗaki wayam, da shatin bokiti a kan tayil, da fitilar teburinka a sunkuye kamar yadda ka bar ta.

Ga yadda abin ya fara. Kawu ya zo duba kayan gado, kamar yadda ya dace da babba. Ya buɗe aljihun tebur, ya ɗauko ɗan mutum-mutumi guda, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba. Ba shi da fuska. Ya juya ƙasansa, ya ga sunansa da rubutun hannunka: Sale. Ya duba ƙafar, ya ga siririyar wayar tagulla ta shige cikin gwiwa. Ka san Kawu ya daɗe yana sallah a kan kujera saboda gwiwarsa ta dama. Zainab ta ce ta ji ya zube a ƙasa, ya ce: “Haruna, ni? Ni da na yi maka huɗuba?”

Wannan firgitar ta farko ban riƙe shi da ita ba. Tsoho ne, gwiwa tana hana shi barci, ga sunansa, ga ƙarfe. Kowa zai razana. Abin da na riƙe shi da shi shi ne abin da ya biyo baya. Bai tambayi kowa ba. Zainab tana ta yi masa bayani daga bayan ƙofa, ya ce ita ma an shanye ta. Ni ina Aziziyya, tafiyar da shayi ba zai huce ba, bai kira ni ba. Ya kira mai ruƙiyya.

Ba zan faɗi sunan mutumin ba. Zan dai faɗi yadda ya yi aikinsa. Ya shiga ɗakin da amsarsa a aljihu, sannan ya fara neman tambayoyi. Ya ga zare mai ƙulle-ƙulle, ya ce ga ƙulli. Igiyar shanya ce, Yaya, wadda ka ɗaura tsakanin gidanmu da na maƙwabta a kan katakon, har ka rataya mata 'yan tsummoki. Ya ga gashi a leda, ya ce na mutum ne. Na tsohon burushi ne, kana rina shi kore kana dasa ciyawa. Wanda ya zo neman sihiri ba ya komawa hannu wofi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, manyan hujjojin da suka kafa a kanka duk abubuwa ne da ka yi don gudun saɓon Allah.

Ka tuna ranar da ka fara shigo da su gida. Kana saurayi, ka dawo daga Jidda da ɗan kwali, cike da mayaƙa na roba masu takubba da sulke, na wasan yaƙin da ake yi a kan tebur. Umma ta ɗauki guda, ta ƙura masa ido, ta ajiye. Ta ce: “Mala'iku baƙina ne. Ba zan kore su daga gidana saboda 'yan tsanarka ba.” Wani yaron zai ɓoye su a ƙarƙashin katifa. Kai sai ka ɗauki reza ka kankare fuskokin gaba ɗaya. Ka samo wani danƙo mai launi biyu, shuɗi da rawaya, wanda in an murza shi yake komawa kore, in ya kwana ya daskare. Da shi ka naɗa wa wannan rawani har ya rufe hanci, ka kifa wa wancan hular ƙarfe, ka yafa wa mata mayafi. Tun daga ranar har ka koma ga Allah ba ka taɓa zana ido ba. Duk wanda ka gama sai ka kai wa Umma, ta sa tabarau, ta juya shi gaba da baya kamar mai duba fasfo, ta ce: “Wannan ba ya gani. Ya zauna.” Har kyanwar da ka yi a bakin masallacin kan katakon, bango ka sa ta fuskanta.

Mai ruƙiyya ya ce an shafe fuskokin ne don a makantar da masu sunayen da ke ƙasansu.

Haka 'ya'yan dabino. Wasan da ɗan ludo ake yin sa, ka ji malamai sun yi magana a kai, ka daina. Ka tara ƙwallayen dabino, ka shafa wa gefe ɗaya farin fenti, ana watsawa a ƙirga masu fari. Ko malamai za su yarda akwai bambanci, ban sani ba, mun sha musu da kai a kan haka. Umma dai ta yarda. Ranar Talata an same su a cikin ɗan buhu, an ce kayan duba ne.

Sai ƙasa. Wannan ita ta gama da kai a wurinsu, kuma ita ce ta fi sa ni kuka.

Lokacin da aka ce mu tashi za a rushe layinmu, kowa yana fama da katifu da tukwane da na'urar sanyaya ɗaki. Kai kana bin ƙofa ƙofa da cokali da kwalaben yaji, kana ɗibar ƙasar bakin kowane gida, kana rubuta sunan mai gidan a jikin murfi. Na yi maka dariya, na ce ƙasa ai ƙasa ce. Ka ce: “Ke 'yar jarida, kunne gare ki, ba ki da ido.” Ka jera mini su a rana. Ta ƙofar mai tsire baƙa ce saboda toka. Ta ƙofar Kawu fara ce, ta lafe, domin kullum da yamma sai ya yayyafa ruwa kafin ya shimfiɗa darduma. Ta gidanmu akwai ja-ja a ciki, ɓurɓushin bulon da Baba ya gyara dakali da shi. Daga baya ka tankaɗe kowacce, ka shafa gam, ka barbaɗa ta a bakin ƙofarta a kan katakon. Abin da ya ragu ka bar shi a kwalabe.

Kowane Bahaushe ya san abin da ake nufi in an ce an ɗebi ƙasar ƙofar mutum. Na sani. Amma mutanen da sunansu ke kan murafen nan sun gan ka ranar, da cokalinka, tsakar rana. Wasu ma sun tsokane ka. Yau duk sun manta.

Ban san yadda zan kwatanta wa wanda bai gani ba irin aikin da ka yi a katakon nan. Girmansa kamar ganyen ƙofa. Da farin soson da ake tallafe firiji da shi a kwali ka sassaƙa tudun da layinmu yake jikinsa, ka yanka matattakala ɗaya bayan ɗaya, har wadda ta karye a tsakiya da muke tsallakewa. Ka fara shafe komai da baƙi, sannan ka tsinka fenti ya gangara cikin tsagogi, sannan ka bi da busasshen burushi a hankali har dutse ya fito dutse. Ga koren ƙyauren gidan Hajiya Ta Sakkwato da tsatsa a gindinsa. Ga wayoyin lantarki a harɗe. Ga tagar da nake leƙen 'yan makaranta. Inda layinmu yake a da, yanzu ko ni ba zan iya nuna maka shi ba. A kan katakon nan kaɗai ya rage.

A kansa kuke wasanku ranar Juma'a bayan la'asar. Ka ƙirƙiro labari: wasu dodanni masu haƙoran ƙarfe suna saukowa daga bayan dutse suna cin gidaje, mutanen layi suna tare su. Ba sarakuna ba ne mayaƙanka, maƙwabtanmu ne. Mai tsire da tsinkensa ya zama mashi. Mai ɗebo ruwa da garewani biyu. Hajiya Ta Sakkwato da muciya. Shi ya sa akwai suna a ƙasan kowa.

Jarumin cikinsu kuwa shi ne Sale Mai Bakin Layi. Ka yi masa faffaɗar kafaɗa, ka ba shi ƙyauren ƙofa a matsayin garkuwa, da yaro a wuyansa. Ka ɗauko shi ne daga shekarar da aka yi ruwan nan mai ƙarfi, ambaliya ta gangaro daga tudu ta cika layi, muna ƙanana muna dawowa daga makarantar allo. Kawu ya ciro ƙyauren gidansa ya tokare bakin layi da shi, ruwa har ƙugunsa, yana ɗaukar mu ɗaya bayan ɗaya yana miƙa wa mata ta taga. Ni na fara hayewa, kai ne na ƙarshe. Likitoci sun ce ciwon gwiwarsa na shekaru ne. Umma har ta rasu tana cewa tun ranar ruwan nan ne.

Kowa a wasan Sale yake so a ba shi, domin a dokar da ka kafa, muddin yana tsaye dodo ba ya shiga layi. Yawan ɗauka da ajiyewa ya sa ya faɗo daga tebur, ƙafar ta ɓalle daga gwiwa. Ina wurin ranar da ka gyara shi. Gam kaɗai ba ya riƙe wuri siriri irin wannan, don haka ka huda cinya, ka huda ƙwauri, ka zura wayar tagulla a tsakani, kamar yadda kake yi wa duk wanda ya karye. Ka tsayar da shi, ka ɗan tura shi da yatsa, bai faɗi ba. Ka ce: “Halas, an gama. Kawu ba ya durƙusawa.”

Wannan ita ce wayar. Don ya tsaya ka sa masa ita.

An ce mai ruƙiyya ya zare ta da filaya a gaban mutane, yana kabbara, ƙafar ta faɗi gefe. An cire wayar ranar Talata. Jiya Kawu ya yi azahar a kan kujera, kamar kullum.

Yanzu bari in zo kan abokan wasanka, domin fushina da su ya fi wanda nake yi da Kawu. Kawu jahilcin abin ne ya ɗebe shi. Su sun sani. Shekara da shekaru suna zuwa gidanka, suna shan shayin Zainab, suna auna tafiyar mayaƙa da tef, suna faɗa a kan wa zai riƙe Sale. Akwai mai aiki a kantin magani, akwai malamin makaranta, akwai ɗalibin nan ɗan Kano mai karatun hadisi, wanda ka koya wa riƙon burushi. Na kira su duka. Na ce ba na neman komai, ku je majalisar Kawu ku ce wasa ne, mun yi shi tare.

Na farko ya ce: “Ya ukhti, ki bari ta lafa, maganar mutane iska ce.” Na biyu ya ce surukansa ba su san yana wannan wasan ba, kuma shi mutum ne mai ɗalibai. Ɗan Kano ya yi ta jan salati, ya ce yana dab da kammala karatu, bai kamata sunansa ya fito a irin wannan zance ba, amma wallahi yana yi maka addu'a a ɓoye.

A ɓoye, Yaya.

Sun gwammace a ce kai boka ne da a ce su manya da gemu suna wasa da 'yan tsana. Suka ɗora mutuncinka a sikeli ɗaya, kunyarsu a ɗaya, kunyar ta rinjaya. Ban rubuta sunayensu ba. Suna karanta wannan, kuma kowa ya san kujerar da yake zama a ɗakinka.

Wanda ya ce maganar mutane iska ce, ya zo ya ga abin da iskar ta ɗauke. Matan da ke zuwa taya Zainab zama sun ɗauke ƙafa. Ta aika wa maƙwabciya abinci, an dawo da kwanon a rufe yadda ya tafi. Wani dattijo da ya bi gawarka har maƙabarta ya ce da ya sani da bai tsaya a sahu ba. Ni kaina na lura da wani abu a gidan suna shekaranjiya. An ambaci sunanka. Ba wadda ta ce Allah ya jiƙansa. Aka ci gaba da zancen lalle.

Wannan shi ne abin da aka ƙwace maka. Ba roba da fenti nake yi wa kuka ba. Mamaci ba shi da sauran abin da yake jira daga mutane sai wannan 'yar kalma da ake faɗa bayan sunansa, ita kuma aka toshe. Kai da ko ido ba ka yarda ka zana ba, an jingina maka zunubin da ke fitar da mutum daga addini, a garin da ka san nauyin kalmar sihiri, alhali ba ka da bakin kare kanka. Waɗanda suka yi haka suna ganin ibada suka yi. Sun san hukuncin hoto dalla-dalla. Hukuncin cin naman mamaci ne ya shige musu duhu.

Akwai labari guda da ban gama tantancewa ba. Na kira Malam Idi in tambaye shi bolar da ya kai katakon, ko zan tsinci wani abu. Ya ce bai jefar ba. Wai yana ɗaure shi da igiya sai idonsa ya faɗa kan wata ƙofa mai ruwan toka da lamba a karkace, ya gane ta gidan mahaifinsa ce. Ya ce: “Hajiya, ni ban san sihiri ba, amma na san ƙofarmu.” Ya ce ya kai shi wani ɗakin ajiya da yake haya a Shisha, ya lulluɓe da bargo. Ya roƙe ni kada Kawu ya ji. Na ce masa ba zan iya alkawarin haka ba, kuma zan rubuta. Ya ce to, Allah ya kawo sauƙi.

In har katakon yana nan, ga abin da zan yi. Ranar Juma'a bayan la'asar, lokacin da dattawan tsohon layinmu suke taruwa a majalisar Kawu, zan sa a shigar da shi a ajiye a tsakiyar darduma. Ba a saba ganin mace a wurin ba, zan tsaya daga bakin ƙofa. Ba zan yi jawabi ba. Kowa ya nemi ƙofarsa, ya taɓa ƙasarsa. A bakin layin akwai ruwan da ka zuba da gam mai sheƙi, launin ƙasa, yana kumfa. A tsakiyar ruwan akwai ɗan gurbi zagayayye, inda Sale yake tsayawa. Ba kowa a ciki yanzu. Ina so Kawu ya gan shi, ya tambaya mene ne ya taɓa zama a nan. Sau ɗaya dai ya yi tambaya. Daga nan abin da nake nema a bakinsa bai fi kalma uku ba, a gaban mutanen da ya faɗa wa waccan maganar: Allah ya jiƙansa.

Yaya, ina kewarka. Ina tuna ka a sunkuye ƙarƙashin fitilar nan, tabarau biyu a hanci, harshe a waje, leɓenka da ɗigon shuɗi saboda ba ka daina lasar bakin burushi ba duk faɗan Zainab. In na shigo da surutuna sai ka ɗaga hannu ka ce in dakata, kana riƙe da numfashi, za ka ja layi a gefen rawani. Ni ma ka yi ni. Mace mai mayafi ruwan goro, da alƙalami dogo kamar mashi. A ƙasa ka rubuta Safiya Mai Tambaya, ka ce ƙarfinta a wasan shi ne duk dodon da ta tsare da tambaya sai ya rasa zagaye guda. Na ce ba na so, ka yi mini hanci ko ɗan ƙarami ne. Ka ce in je in nemo izini wurin Umma. Safiya Mai Tambayar ma tana cikin bokitin. Na yi ta cewa zan zo in ɗauke ta, ina ganin akwai lokaci.

Ba a bar ni na tsare kowa da tambaya ranar Talata ba. Zan yi ranar Juma'a.

Allah ya jiƙanka, Haruna ɗan Umma. Na faɗa da ƙarfi, na rubuta, kuma zan ci gaba da faɗa ko ni kaɗai ce. Allah ya yalwata kabarinka, ya haskaka shi, ya haɗa ka da Umma da Baba a inda ba a rushe gida. Allah ya wanke sunanka a bakin waɗanda suka ɓata shi. Ya ba Zainab haƙuri. Ya ba Kawu lafiyar gwiwa, da ƙarfin da zai miƙe ya janye maganarsa. Ni kuma ya sanyaya mini zuciya, domin har yanzu ba ta huce ba. Amin.

Ƙanwarka,
Safiya
Aziziyya, Makka

Ƙari: Malam Idi ya tafi Madina da kaya, makullin ɗakin ajiyar yana hannunsa. Ya ce zai dawo ranar Alhamis. Har zuwa lokacin da nake rufe wannan wasiƙa, ban ga katakon da idona ba.